Goyo Biyu a Gidan Biki

Ba zan taɓa mantawa da bikin jikar Inna Kulu ba, kuma ko na yi niyyar mantawa matan unguwarmu ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga gidan suna ko gidan biki, sai wata ta leƙa bayana ta ce, "Wanga dai yana numfashi ko?" Na gaji da jin haushi. Yanzu murmushi kawai nake yi in nemi gefen tabarma in zauna. Tunda kowa ya riga ya ba da labarin da nasa gishirin, bari ni ma in ba da shi da bakina, ko na huta.

Maigidana, Baban Luba, yana da ɗan shago a jikin gidanmu a nan Illela, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa cikin zaure. Buga takardu yake yi, da katin biki, da kalandar amare wadda ake rabawa mata. Duk abin da muke ci daga wannan shagon yake fitowa, shagon kuma gaba ɗayansa kwamfuta ɗaya ce, tsohuwa, 'yar gwanjo, wadda ta sha duniya kafin ta iso wurinmu. Ni aikina da ita goge ƙura. Makaranta ban wuce firamare ba, amma ina da ido, kuma na san kwamfutar nan kamar yadda mace ta san ɗan da ba shi da lafiya. Na san ƙarar da take yi in tana cikin daɗi, na san wadda take yi in za ta ɓata mana rana.

Ta kuwa sha ɓata mana. Kowa ya zo da filashinsa, ɗan abin nan da ake ɗauko takardu a ciki, ya soka mata, sai ta kwashi cuta. Baban Luba ya ce sunan cutar bairos. Takardun mutane su ɓace, ko ta tsaya cik tana kallonsa, shi ma yana kallonta, janareto yana ta shan mai a banza. Sai ya naɗe ta a bargo ya hau mota zuwa Sakkwato a wanke mata ciki. Ya dawo da ita, ta yi 'yan kwanaki lafiya, ta koma. A lokacin Luba tana haƙori, ba ta barci, ba ta barin kowa ya yi. Ni ina fama da mai zawo a ɗaki, shi yana fama da mai bairos a shago, in muka haɗu wurin cin tuwo ba mai ƙarfin yi wa wani sannu.

Ana nan sai wani malamin makaranta daga Konni, can tsallaken iyaka, wanda kan zo buga takardun jarrabawa, ya iske Baban Luba ya dafe kai. Ya ce masa ya daina wahalar da kansa. Mako na gaba ya zo masa da faifai a cikin aljihun riga. Ina bayan labulen zaure ina jin su (ba laɓe nake ba, gidan ne ƙarami). Ya ce a cikin faifan akwai wani tsari da zai maye gurbin wanda ke tafiyar da kwamfutar, sunansa Linuks. Ya ce ba ya yi wa tsohuwar kwamfuta nauyi, kuma cututtukan da ke yawo a filashin mutane ba su cika kama shi ba. Baban Luba ya tambaye shi nawa ne. Malamin ya yi dariya ya ce ko sefa ɗaya ba zai karɓa ba, shi ma haka aka ba shi, in ya ga dama ya kwafa ya ba duk wanda yake so.

A nan gabana ya fara faɗuwa.

Sai na ɗan koma baya kafin ku fahimce ni. Ina 'yar ƙarama soja suka rufe iyaka. Babana ɗan kasuwa ne, atamfa da batir yake tsallakawa da su, kuma da aka rufe hanya bai daina ba, don bai san wata sana'a ba. Wata rana aka tare jakunansa a cikin gonaki wajen Tozai aka kwashe kayan. Masu kaki aikinsu suka yi, ban ce komai ba. Amma ni abin da na gani da idona shi ne babana zaune a gindin katanga, wata da watanni, yana tsinke zaren hularsa, ba ya magana da kowa. Tun daga nan na haddace karatun da ba a koya mini a firamare ba: duk abin da ya tsallako iyaka a aljihu, ba a biya masa komai ba, ba a san mai shi ba, wata rana masu kaki za su zo nemansa.

A wannan zamanin ne kuma na ga aikin Gwaggo Tumba, ƙanwar babana. Ita ce ta riƙe gidan lokacin da babana ya zauna ba sana'a. Takan naɗe turamen atamfa ta goya su, ta ɗora musu hular jariri, ta ja mayafi, ta bi ta Garu ta tsallako iyaka a ƙafa tana jijjiga bayanta tana lallashi. Ta sha gaya mana cewa namiji mai kunya ba ya buɗe goyon matar wani. Wannan ma na haddace shi, ban san ranar da zai yi mini amfani ba. (Bai yi ba.)

To, Baban Luba ya sa abin nan a kwamfuta, kuma don Allah ta warke. Ta daina tsayawa, ta daina nishi, zuwa Sakkwato ya ƙare. Mutumin da ya yi wata bai yi dariya ba sai ga shi yana yi wa Luba wasa. Labari ya bazu. Mai shagon hoto ya zo, wani akawu ya zo, masu tsofaffin kwamfutocin da aka jingine a lungu duk suka kakkaɓe su suka kawo. Kowa ya zo sai Baban Luba ya kwafa masa, kyauta, har ya zauna ya nuna masa inda zai taɓa. Shi yana murna, ni ina ƙirga bakin da zai kai maganar inda bai kamata ba.

Na tare shi wata rana yana alwala. Na ce, "Malam, wanga abu da kake rabawa, na wa na?"

Ya ce, "Na kowa na."

Na ce, "Babu abin da ke na kowa. Wani ya yi shi."

Ya ce mutane ne da yawa a ƙasashe daban-daban suka haɗu suka yi shi, suka bar shi a buɗe, wanda ya iya ya duba cikinsa, in ya ga inda ya lalace ya gyara, gyaran ya zama na kowa. Ya ce in ɗauka rijiya ce wani ya haƙa a bakin hanya, wanda ya iske igiyar ta tsinke ya ɗaura sabuwa ya wuce.

Na ce, "Rijiya ba ta tsallako iyaka cikin aljihu."

Ya ce, "Maman Luba, don Allah ki je ki kwanta. Rashin barci na ke damunki."

Gaskiya ya faɗa, amma ba ita nake son ji ba.

Ranar da abin ya faru ranar ɗaurin auren jikar Inna Kulu ce. Inna Kulu tsohuwar unguwarmu ce, gidanta na bayan namu, ita ke wankan jarirai, ita ke faɗa wa kowace uwa abin da ta yi ba daidai ba. Da safe Baban Luba ya tayar da janareto ya yi ɗan aiki, ya kashe, ya sa babbar riga ya tafi masallaci wurin ɗaurin aure. Wayarsa ma a shago ya bar ta. Bazara ce, irin zafin da ko kaji ba sa fita.

Ina shanya tsummokin Luba na ji sallama a ƙofar zaure. Na leƙa ta labule. Wani dogon mutum ne cikin kakin kwastan, babur ɗinsa a jingine.

Ya gaishe ni da mutunci. Ya tambayi maigida, na ce ba ya nan. Sai ya ce, "An ce mani ya samu wani abu daga Konni da yake sa wa mutane cikin kwamfuta ba da kuɗi ba. Shi nike son in gani da idona. In ya dawo a ce mashi ina nan tahe bayan azahar."

Na ce to. Ban san yadda to ɗin ta fita ba.

Yana tayar da babur na ga babana a gindin katanga. Na ga Baban Luba a wurinsa, yana tsinke hula, ni da Luba muna kallonsa. Ban yi tunanin in aika a kira shi ba, ban yi tunanin in jira ba. Mace da ta yi kwanaki ba ta yi barcin kirki ba, tunani ɗaya take iya ɗauka a lokaci guda, nawa kuwa shi ne kada mutumin nan ya dawo ya iske kwamfutar.

Na shiga shago. Na san allon ba komai ba ne, Baban Luba ya sha gaya mini cewa duk abin yana cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin tebur. Na zare wayoyin da suka yarda suka zaru. Guda ɗaya, baƙa mai kauri, ta ƙi fita daga jikin akwatin, sai na fizge ta daga bango na naɗe ta a jikinsa. Na duba ƙarƙashin gado, na ce nan za su fara dubawa. Na duba rumbu, na ce nan ne na biyu. Sai na ji guɗa daga gidan Inna Kulu. Gidan biki, cike da mata, inda namiji ba ya wuce zaure.

Na naɗe akwatin da tawul. Na durƙusa na ɗora shi a baya, na ja zane na ɗaure, na ƙara majanyi na tamke. Na ɗauko hular ulu ta Luba na kafa a kusurwar da ta fi tsini. (Har da hula. Wannan ita ce ba a yafe mini ba har yau.) Na zura babban hijabi, na saɓa Luba a kafaɗa, na fita ina jijjiga kamar yadda na ga Gwaggo Tumba tana yi. Abin da ban lissafa ba shi ne atamfa tana da laushi, tana bin jiki. Wannan kuwa kusurwa huɗu gare shi, kowace ta sami ƙashin da za ta zauna a kai.

Na shiga da sallama, na gaisa da mutane a tsaitsaye, na nemi lungu kusa da randa. Zama ya gagara, don in na zauna akwatin zai daki ƙasa. Sai na tsaya ina rausaya. Zufa tana bin ƙafata. Wata maƙwabciyarmu ta dube ni ta ce, "Maman Luba, goyo gaba goyo baya? Yaushe kinka ƙara?"

Na ce, "Ɗan baƙuwa na. Ta tahi kasuwa."

"Shi ko motsi ba ya yi?"

"Barci yake."

Na ɗauka na tsira. Sai ga Inna Kulu ta fito daga ɗakin amarya da ƙwaryar fura. Ita Inna Kulu ba ta iya wuce goyo ba ta taɓa ba. Ta tsaya ta ƙare mini kallo.

Ta ce, "Ke ɗiyar nan, cikin wanga zahi kinka ruhe ɗan mutane ruf da hijabi? So kike ki dahe shi?"

Na ce, "Inna, sanyi yake ji."

"Sanyi? Yau?"

Kafin in matsa ta ajiye ƙwaryar ta ɗora tafin hannu a bayana. Ƙarfen nan ya sha aikin safe, ya sha rana, ya sha zafin jikina. Na ga fuskarta ta sauya. Ta latsa, ta sake latsawa. Sai ta ɗora hannu a ka ta kwarma salati.

"Jama'a ku taho! Yaro ya sandare! Jikinshi kamar wuta, kuma ya ƙage!"

Guɗa ta tsaya. Mata suka yo kaina. Wata ta ɗebo ruwa a randa za ta sheƙa, na kauce ina ihu kada a zuba. Wata tana cewa a kawo man shanu, wata tana cewa a nemo mai babur a kai asibiti, wata ta karɓe Luba daga kafaɗata, ita kuma ta tsala kuka. Ni ina ta ja da baya ina cewa lafiyarsa lau, a ƙyale shi, wanda hakan ya sa suka tabbata na ruɗe. Inna Kulu ta ce a riƙe ni. Aka riƙe ni. Ta yaye hijabin, ta zauna a kan turmi a bayana ta shimfiɗa cinya, ta kwance majanyin da hannunta.

Akwatin ya sulale ya sauka a cinyarta. Tawul ya zame. Baƙar wayar ta warware ta zubo har ƙasa kamar wutsiya. Hular tana nan a inda na kafa ta, ko karkacewa ba ta yi ba.

Ban taɓa jin gidan biki ya yi shiru irin na wannan lokacin ba. Har tafasar tukunya ana ji.

Inna Kulu ta dubi abin da ke cinyarta, ta dube ni. Ta ce, "Wanga, wace ta yi wankan jegonshi?"

Wata ta fara dariya, sauran suka ɗauka. Har amarya ta leƙo da lalle a hannu. Ni kuwa na durƙushe na fashe da kuka, na gaya musu komai: faifan Konni, kyauta, mai kaki, bayan azahar.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa har yau ba na iya fushi da matan nan. Ina ambaton kwastan dariyar ta ɗauke. Matan bakin iyaka ne, kowace tana da baba ko kawu da ya taɓa zama a gindin katanga. Ba wadda ta ce na yi wauta. Inna Kulu ta ce a rufe ƙofa. Nan da nan aka tura akwatin ƙarƙashin gadon amarya, aka jera kwanoni a gabansa, wata tsohuwa ta shimfiɗa tabarma ta kwanta a bakin gadon ta ce ita ba ta da lafiya, a zo a ɗaga ta a gani. Aka ba ni fura. Na ji kamar na yi abin kirki.

Bayan azahar aka aiko daga zaure. Wai Baban Luba ne a waje, hankalinsa a tashe. Ɓarayi sun shiga shago da rana tsaka sun ɗauke kwamfuta, matarsa da ɗiyarsa ba sa gida, ko suna nan? Kuma a ba Inna Kulu haƙuri, kalandar amarya da zai buga a raba da yamma tana cikin kwamfutar da aka sace. Wai yana tare da wani ma'aikacin kwastan da zai raka shi wurin 'yan sanda.

Inna Kulu ta juyo a hankali. "Kalandarmu tana cikin wanga abu?"

Na ce ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Ta ja mayafi ta ce ita ta tsufa da tsoron kaki, ta fita. Muka kasa kunne. Muka ji muryarta sama-sama, muka ji ta maza ƙasa-ƙasa, sai shiru. Can sai ga ta ta dawo tana dafa bango, ta zame ta zauna a ƙasa, hawaye na zuba, dariya ta hana ta magana. Da ƙyar ta ce, "Ku hiddo mashi ɗanshi. Mutumen nan roƙo ya zo yi. Tsohuwar kwamfuta gare shi a gida, ɗiyarshi ke karatu da ita, cuta ta kashe ta. So yake a sa mashi irin na Konni."

Ni aka sa na fito da shi. Na so in rungumo shi haka nan ba hula, Inna Kulu ta ce a'a, a nuna wa maza yadda ya zo, ta kafa masa hular ta ɗora mini a hannu. Baban Luba ya dubi akwatin, ya dubi hular ɗiyarsa, ya dube ni. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya dai sauke numfashi ya ce, "Maman Luba, goya shi kinka yi?"

Mai kakin ya juya baya yana gyara madubin babur, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu kansa ya ce mini, "Hajiya, na ga goyon shinkafa, na ga na atamfa, na ga na batir. Wanga ban taɓa gani ba. Ki kwantar da hankalinki, abin da masu shi sunka ce kowa ya ɗauka, ba mu da magana a kai."

A shago Baban Luba ya mayar da wayoyi, ya tayar da janareto. Na tsaya a bayan labule da Luba, bayana yana zogi, ina addu'ar da ban taɓa yi wa ƙarfe ba. In jijjigar da na yi masa ta kashe shi, to abin da na ji tsoron mai kaki zai yi mana ni na yi shi da kaina. Ya danna. Kwamfutar ta yi shiru, ta yi ɗan tari, sai na ji ƙarar nan tata ta lafiya. Hoton amarya ya fito a allo. Aka buga kalanda, aka raba kafin magariba, mai kaki ya tafi da faifansa a aljihu.

Da muka zauna cin tuwo Baban Luba ya ƙarasa ni. Ya ce in ina neman kayan da ba su da gaskiya, to wancan tsarin na farko ne da ke cikin kwamfutar kafin Linuks, wanda ake sa masa a Sakkwato yana biya, don masu shi sayarwa suke yi, kuma ba da izininsu ake kwafarsa a kasuwa ba. Shekara da shekaru ina goge masa ƙura da hannuna, hankalina kwance, saboda an ba da kuɗi. Na halal ɗin ne na goya na gudu da shi.

Na gaji. Na shafa man zafi a inda kusurwoyin suka zauna, na yi kwana da kwanaki ina kwanciya a kan ciki.

Yanzu kusan duk tsohuwar kwamfutar da ke unguwar nan abin nan ne a cikinta, kuma in aka tambaye ni dalili ina iya faɗa: ba ya cin kuɗi, ba ya raina tsoho, ba ya yawan ciwo, kuma wanda ya ba ka ba ya dawowa ya ce ka biya. Har na ƙara da nawa, wanda babu malamin da ya sani: yana jure goyo.

Abin da na koya kuwa ba shi da yawa. In mai kaki ya yi sallama, in bari ya gama maganarsa, in kuma tambaye shi mi yake so. In kuma har tsoro ya sake cin ƙarfina na ɗauki wani abu na goya, to don Allah kada in bi ta gidan matar da ke wankan jarirai.